Lugu, garin Sarauniya cikin duwatsun Arewa: abin da mai ziyara ya kamata ya sani



Babu ɗan Nijar da bai taɓa jin sunan Sarauniya Mangu ba. Ɗiyanmu na karanta labarinta a lakwal, akwai gidan rediyo da talabijin mai sunan Sarauniya a Yamai, hukumomin ƙasa ma sun fito da lambar yabo da sunanta. Amma ka shiga kasuwar Buza ko ta Madawa ka ce a nuna maka hanyar garinta, sai ka sha tambaya kafin ka samu wanda ya sani. Garin nan Lugu ne. Yana nan har yau, da mutanensa, da gonakinsu, da Sarauniyarsu a ɗakinta. Sunan ya cika ƙasa, garin kuwa ƙaramin ƙauye ne da ƴan kaɗan ke takawa. Shi ya sa munka ga ya dace mu yi bayani: ina garin yake, mi ya faru can, mi mutum zai gani in ya je, kuma yaya baƙo zai shiga ya fito da mutuncinsa da na masu gida.

Ina Lugu take

Lugu tana cikin ƙasar Arewa, a ƙaramar hukumar Dankasari, gundumar Dogon Dutsi, jihar Doso. Tana arewa maso gabas da Matankari, tsohuwar hedkwatar sarakunan Arewa. Mutanen wurin Hausawa ne kamarmu, Hausarsu ba ta da nisa da tamu ta Adar, don haka wanda ya tahi daga nan ba ya buƙatar tafinta.

Wanda ya girma tsakanin Buza da Keita ba zai ji baƙunta da ganin ƙasar ba. Irin duwatsunmu ne: jan dutse mai shimfiɗaɗɗen kai, gefensa ya tsage ya gangaro, ƙarƙashinsa kuma kwari mai yashi inda ake noma hatsi da wake. Babban kwarin yankin shi ne Dallol Mawri, tsohuwar hanyar kogi da ta ƙafe tun zamanin da ba a iya tunawa, amma ruwa bai yi nisa da ƙasa a cikinta ba. Birnin Dogon Dutsi ma daga wani dogon dutse da ke tsaye bisansa ya samo sunansa. Lugu ta jingina da irin waɗannan duwatsu, kuma a da kurmi mai duhu ya kewaye ta.

Mi ya sa mutanen da sunka zaɓi dutse

Yaro na yau zai yi tambaya: ga fili mai faɗi, ga ruwa a kwari, mi ya kai kakanni su maƙale jikin dutse? Amsar ita ce tsaro. A zamanin da ake yaƙi da doki da raƙumi, mahayi shi ke da ƙarfi a fili. Da zarar an shiga tsakuwa da gangare, doki ya zama kaya, mai baka da kibiya da ke ɓoye bayan dutse shi ke da rinjaye. Wanda ke bisa kuma yana hango ƙurar maharan tun suna nesa, ya samu lokacin da za a tara mata da yara da bisashe. Dutse na da kogo da tsaga inda ake ɓoye hatsi, kurmin ƙaya da ke gindinsa kuma ganuwa ce da ba a gina ta da hannu ba.

Zaman yana da tsada. Ruwa a ƙasa yake, kullum sai mata sun sauka sun hau da tulu a kai. Gona mai kyau ma a kwari take, manomi na huɗa yana waiwaye. Shi ya sa da zaman lahiya ya samu, garuruwa da yawa sunka gangaro kusa da rijiya da hanya, sunka bar kufai a bisa. Haka ta faru a ƙasashe da yawa. A Idanre ta ƙasar Yarbawa, mutane sun sauko daga kan dutse a farkon ƙarni na 20, tsohon garin ya zama wurin ziyara. A Mali, Dogon sun gina ƙauyukansu jikin dutsen Banjagara, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 1989. A Najeriya akwai Sukur, bisa duwatsun Mandara a jihar Adamawa, ita ma ta shiga jerin a 1999. Lugu tana cikin wanga dangi na garuruwan da dutse ya raina.

Asalin garin da sarautarsa

Bisa ga abin da mutanen Lugu ke faɗa kaka da kakanni, wadda ta kafa garin mace ce da ta fito daga Daura tare da jama'arta. Sun ce wani dutse mai suna Tunguma ne ya yi musu jagora har inda sunka yada zango. Ita ce Sarauniya ta farko, kuma daga ita sarautar ta ci gaba hannun mata har yau. Wannan wuri ne da mutane da yawa ke kuskurewa: Sarauniya sunan sarauta ne, ba sunan mutum guda ba. Mangu ɗaya ce daga cikin jerin matan da sunka riƙe ta, ita ce wadda zuwan Turawa ya tarar.

Mutanen Lugu da na Bagaji, garin Baura, su ake kira Gubawa, su ne masu ƙasa na farko. Daga baya Arawa sunka zo. Labarin gargajiya ya ce wani ɗan sarkin Barno mai suna Ari ya auri ɗiyar masu ƙasa, ɗansu Akazama ya zama tushen sarakunan Arewa. Sai aiki ya rabu biyu: mulki da yaƙi na hannun Sarkin Arewa, al'amarin ƙasa kuwa, wato roƙon damina, buɗin daji da tsare al'adun gado, ya tsaya hannun Sarauniya da Baura. Mu ƴan Adar mun san irin wanga rabo, domin mu ma a tarihinmu akwai azna masu ƙasa, akwai sarakunan da sunka zo daga baya.

Sarauniyar Lugu ba ta da fada mai soro, ba ta da dogarai. Tana zaune cikin ɗakinta, sanye da fararen tufafi, tana kaɗin auduga, ba ta yawon garuruwa. In ta rasu, ba a yin zaɓe da ƙuri'a ko shawarar masu naɗin sarki. Ana yin abin da su ke kira tarkama: a ɗauki gawar bisa makara, masu ɗauka su bi inda su ka ji tana jan su, macen da makarar ta tsaya gabanta ita ce magajiya. Wannan imaninsu ne da al'adarsu, haka su ke yi tun da daɗewa.

Ranar 16 ga Afrilu 1899

Don a gane abin da ya kawo yaƙi Lugu, sai an koma ga wata takarda da Faransa da Ingila sunka sa wa hannu a birnin Paris ranar 14 ga Yuni 1898. Sun zana da'ira mai nisan mil 100, kusan kilomita 160, kewaye da Sakkwato, sunka ce abin da ke ciki na Ingila ne. A bisa wagga takarda, Birnin Ƙonni da Madawa duka sun faɗa rabon Ingila, sai yarjejeniyoyin 1904 da 1906 ne sunka maido iyaka kudu, kusa da inda take yau. Babu wanda ya tambayi mutanen ƙasar. Faransa kuma tana gaggawar isa tabkin Cadi, sai ta shirya rundunoni uku: ɗaya daga Aljeriya, ɗaya daga Kwango, ta ukun daga bakin kogin Kwara.

Ta ukun nan ita ce ta kyaftin Bule da kyaftin Shanwan, waɗanda littattafan lakwal ke rubutawa Voulet da Chanoine. Uban Shanwan janar ne da ya taɓa riƙe ministan yaƙi na Faransa. Sun taso daga bakin kogi a watan Janairu 1899. Turawan cikinsu ba su kai goma ba, sauran sojoji ne baƙaƙen fata da ƴan dako da anka kamo da ƙarfi, ga matan da anka kwaso a hanya, jimla sun haura mutum 1,000 nesa. Taro irin wannan, ga dawaki da shanu, ba ƙauyen da zai iya ciyar da shi ko shayar da shi. Sai sunka mai da ƙwace da ƙone gari hanyar cin abincinsu. Tun a Sansane Hausa, kusa da kogi, sunka kashe mutane sama da 100.

Da sunka shigo Arewa, labarinsu ya riga su. Garuruwa da yawa sun watse, wasu sun miƙa wuya. Mutanen Lugu da na maƙwabciyarta Tungana sunka tsaya. Ranar 16 ga Afrilu 1899 anka gwabza. Bindiga ta fi baka, wannan ba a musu, an ci garin an ƙone shi. Amma maharban sun ja da baya cikin kurmi da duwatsu, inda harsashi ba ya ganin mutum, sunka ci gaba da harbi. Lissafin Faransawan da kansu ya nuna an kashe musu mutum 4, an raunata 6, sun kuma ƙone harsashi wajen 7,000. Ba su taɓa yin asara irin wannan ba tun da sunka taso. Sarauniya Mangu kuwa ba ta shiga hannunsu ba.

Daga nan rundunar ta yi gabas. A watan Mayu ta afka wa Birnin Ƙonni, anka yi kisan da har yau Ƙonnawa ba su manta ba. Labarin ta'asar ya kai Faransa ta wasiƙar wani hafsa da ya rabu da su, gwamnati ta turo kanal Kulob ya karɓe jagoranci. Ranar 14 ga Yuli 1899, a Dankori kusa da Tasawa, Bule ya sa anka harbe Kulob. Kwana biyu zuwa uku bayan haka, sojojinsu sunka juya musu baya sunka kashe Shanwan da Bule. Kaburburansu na Maijirgi, bakin babbar hanyar Maraɗi zuwa Damagaram. Tsakanin yaƙin Lugu da mutuwarsu wata uku ne kacal, kuma mutanen Lugu na danganta wannan ƙarshe da abin da anka yi wa garin Sarauniya. Sauran rundunar ta wuce ta ci Damagaram a ƙarshen Yuli.

Lugu kuwa ba ta sake komawa yadda take ba. Jama'a da yawa sun watsu sun kafa wasu ƙauyuka, daga baya yunwa da ci-rani sunka ƙara rage ta.

Sarauniyar littafi da Sarauniyar Lugu

Yawancin abin da mu ke ɗauke da shi a kai game da Mangu daga wurare biyu ya fito. Na farko littafin Abdullahi Mamani, marubuci ɗan Nijar, mai suna Sarraounia, wanda ya fito a 1980. Na biyu fim ɗin da Med Hondo, ɗan Muritaniya, ya yi daga littafin a 1986. An ɗauki fim ɗin a Burkina Faso, Ai Keita ce ta fito a matsayin Sarauniya, kuma ya ci babbar kyautar bikin fina-finai na FESPACO a Wagadugu a 1987.

Littafin da fim ɗin sun yi babban aiki, domin su sunka fito da sunanta duniya. Takardun Turawan mulkin mallaka ƴan layuka kaɗan sunka ba ta, hafsan da ya rubuta labarin tahiyar ma bai ɗauke ta komi ba sai tsohuwa mai tsafi. Sai dai Mamani ƙagaggen labari ya rubuta, kuma marubuci na da ikon ƙara gishiri. Budurwa jaruma mai riƙe da makami, da babban birni mai ganuwa, wannan siffar littafi ce da fim. A bakin dattawan Lugu, ƙarfin Mangu yana ga matsayinta na uwar ƙasa: ita ce wadda in ta ce a tsaya, a ke tsayawa.

Wanda ya tahi Lugu da hoton fim a kansa zai dawo yana cewa ba komi can. Wanda ya san bambancin zai ga abin da ya fi fim: sarautar mata da ta tsallake yaƙi, mulkin mallaka da shekarun yunwa, ba ta yanke ba.

Abin da za ka gani

Za ka ga ƙauye irin namu, ɗakunan ƙasa da na kara, rumbuna, mata na daka. Za ka ga ɗakin Sarauniya, in an yi maka iso ka gaishe ta. Za ka ga duwatsun da ke kewaye, kuma in ka samu ɗan gari ya hau da kai bisa, daga nan ne za ka gane yaƙin da idonka: ta ina mahara za su ɓullo, ina mutane za su fake, mi ya sa mai bindiga ya yi ta ɓarin harsashi. Kurmin da ya ɓoye maharba a 1899 ya ragu ƙwarai, fari da gatari sun ci shi, kamar yadda sunka ci namu.

Dutsen Tunguma yana waje da gari. Mutane kan zo daga nesa su kawo ƙara gabansa, kan sata ko wata rigima da ta gagara, masu kula da shi su yi tambaya bisa al'adarsu. Ba kullum a ke zuwa wurin ba, kuma ba a zuwa sai da masu shi.

A 2006 gwamnatin Nijar ta sa Lugu cikin jerin wuraren da take son UNESCO ta amince da su a matsayin kayan tarihin duniya. Wannan jerin jira ne. Wuraren Nijar da sunka riga sunka samu shiga uku ne: Ayar da Tenere a 1991, gandun dajin W a 1996, da tsohon birnin Agadas a 2013.

Wasu masu saurare za su ce: mu Musulmi ne, mi zai kai mu garin azna? Zuwa ganin tarihi daban, shiga abin da a ke yi daban. Babu wanda zai tilasta maka yin abin da addininka ya hana, kuma a yankin kansa Musulmi ne mafi yawa, suna zaune da masu al'adar gado, dangin juna ne. Abin da a ke biɗa gare ka shi ne kada ka je gidan mutane ka zage su. In zuciyarka ba ta kwanta da zuwa wurin Tunguma ba, ka tsaya cikin gari, ka gaida dattawa, ka hau dutse, ka ji tarihi.

Shirin tahiya

Daga Babankatami sai ka fito Buza, ka gangara Madawa, tsakaninsu kusan kilomita 50. A Madawa ka hau babbar hanya ta ɗaya ka yi yamma: Galmi, Malbaza, Tsarnawa, har Birnin Ƙonni, kusan kilomita 90. In kana da lokaci ka yada zango a nan, domin Masalata na dab da Ƙonni, ita ma tsohon garin azna ce mai dutse, inda a ke yin arwa duk shekara don duba yadda damina za ta kasance. Daga Ƙonni hanyar Dogon Dutsi ce, kusan kilomita 140, Dankasari na kan hanya kafin ka isa. Daga kwalta zuwa Lugu hanyar ƙasa ce, sai ka biɗi mota mai ƙarfi ko ɗan kabu-kabu da ya san wurin. Masu zuwa daga Yamai kuwa, Dogon Dutsi na da nisan kusan kilomita 275. Kada ka yi lissafin zuwa da dawowa rana ɗaya daga nan, ka shirya kwana.

Lokacin da ya fi shi ne bayan an kai amfanin gona gida, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Mutane sun huta, dattawa na da lokacin hira, dutse bai yi zahi ba. A Afrilu da Mayu rana kan wuce digiri 40, hawan dutse a lokacin wahala ce. Da damina kuma korama na iya tsare ka.

Maganar tsaro ba ta wasa ba ce. Yankin Dogon Dutsi da bakin iyakar Ƙonni sun sha fama da hare-haren ƴan bindiga a shekarun nan, kuma akwai wuraren da hukuma kan taƙaita yawo da babur. Kafin ka ɗaura kaya, ka kira wanda ka sani can, ka tambayi direbobin tasha. In ka isa, ka biya ta ma'aikatar magajin garin Dankasari ka sanar da zuwanka, su ne za su gaya maka ko hanya ta buɗe. Ka riƙe katinka na ɗan ƙasa, ka yi tahiya da rana, kada magariba ta same ka a daji. In anka ce maka ka dakata, ka dakata. Lugu ta jira sama da shekara 120, za ta jira ka wata shekarar.

Ladabin baƙo

Hausawa sun ce baƙo ko da ido makaho ne. In ka shiga gari, ka fara da mai gari, shi zai haɗa ka da wanda zai yi maka iso. Ka riƙo goro, ka tanadi ɗan abin gaisuwa gwargwadon ƙarfinka. Ka cire takalmi inda ka ga ana cirewa, ka zauna inda anka nuna maka. Ka ce «ranki ya daɗe» ga Sarauniya, ka ce «baba» da «inna» ga dattawa, kamar yadda za ka yi a gida.

Matasa, musamman ku da ke dawowa daga waje da manyan wayoyi, a nan ne a ke yawan samun matsala. Kada ka ɗaga waya ka ɗauki hoton mutum ko wurin al'ada sai ka tambaya. In anka ce a'a, ka mai da ita aljihu. Kada ka ɗauki tsohuwa bidiyo ka sa a TikTok ko Facebook da kiɗa da dariya. In kana son naɗar muryar dattijo, ka gaya masa inda za ka kai ta. Kada ka ɗauko dutse, katangar tukunya ko guntun ƙarfe ka ce tsaraba. Abin da kowane baƙo ya ɗauki ɗaya, shekara goma ba za a tarar da komi ba. Kada ka rubuta sunanka jikin dutse, kada ka bar leda.

Ka tuna kuma ƙauye ne mai ƙaramin ƙarfi. Ka zo da ruwanka da guzurinka, ka sayi abin da za ka iya saye a wurin, ka sallami wanda ya bar aikinsa ya zagaya da kai. Akwai ƙungiyoyi irin su Tarbiyya Tatali da sunka daɗe suna aiki da mutanen yankin kan karatu da ruwan sha. Mai niyyar taimako ya tambayi mutanen gari abin da su ke buƙata, kada ya yanke musu daga nesa.

Namu kufan na Adar

Wanda ya je Lugu ya dawo, da wani ido zai kalli duwatsun da ke bayan gidansu. Ƙasarmu ma sunanta Adar Dutsi. Masana tarihi irin su Farfesa Jibo Hamani, wanda ya rubuta tarihin Adar kafin zuwan Turawa, sun tattara labarin aznan ramu, mutanen farko da a ke cewa cikin koguna sunka zauna. Wajen 1674 Agabba, ɗan sarkin Agadas, ya karɓe Adar daga hannun Kabawa, zuriyarsa ce ke riƙe da sarautar Sarkin Adar a Illela. Daga baya Kel Geres sunka zauna wajen Galma da Azarori, su ne sunka kara da Faransawa a Zangebe da Galma a 1901. Cikin waɗannan ƙarnoni na yaƙi da hari, dutse ne mafakar talakan Adar. Ƙauyuka da yawa a Buza, Keita da Madawa na da wurin da dattawa kan nuna da sanda su ce: can bisa munka fara zama.

Mun iya aiki da dutse, duniya ma ta shaida. Aikin farfaɗo da ƙasa na Keita da anka fara a 1984, mata ne sunka ɗauki mafi yawan duwatsunsa a kai, sunka jera su don tsare ruwa. Amma dutsen kufai daban yake da dutsen fako. In ka ga duwatsu a jere kamar da'irar ɗaki, ko tulin da ya yi kama da kabari, ko kashin tama inda maƙera sunka narka ƙarfe, to littafi ne a buɗe. Mai amalanke ko babbar mota in ya kwashe su don harsashin gini, ya yage shafin da ba mai sake rubuta shi.

Lugu ta samu marubuci, ta samu mai fim. Kufan ƙauyenku ba shi da kowa sai ku. Dattawan da sunka ji labari daga bakin waɗanda sunka ga saukowa daga dutse suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Abin da za a yi ba ya cin kuɗi da yawa. Malaman lakwal su hau da ɗalibai rana guda cikin sanyi, tare da dattijon da ya san wurin. Matasa su naɗi muryar kakanni da waya: sunan kufan, wa ya kafa shi, ina a ke ɗibar ruwa, wane hari ya taɓa zuwa, a zamanin wane sarki anka sauko. Masu gari da magadan gari su yi magana da masu ɗibar dutse, a nuna musu inda ba a taɓawa. Ku kuma ƴan uwa na waje, in kun zo hutu, ku ware yini guda ku hau da ɗiyanku da anka haifa a Abijan ko Legas, su ga inda sunan gidansu ya fito.

Duk wanda ke da labarin kufan garinsu, ko muryar dattijo da ya naɗa da izninsa, ya kawo mana nan gidan rediyo ko ya aiko ta WhatsApp. Za mu sa a iska da sunan ƙauyen, don maƙwabta su ji, masu ƙarin bayani su ƙara, masu gyara su gyara. Allah ya ba mu zaman lahiya, ya kai matafiya gida lami lahiya.